Daga Samaru Zuwa Sabon Gari: Tafiyar Da Muke Yi Ido A Rufe

A ƙasar Sulobeniya ta Turai, wadda faɗinta bai kai rabin jihar Kaduna ba, baƙi kan yi hayar mota mai gado da murhu a cikinta, su kwashe mako guda suna zagaya ƙasar da za a iya ratsawa a yini ɗaya. Sukan yada zango a bakin tafkin Bled, su haura duwatsu ta hanya mai kwana 50, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Ba ƙarshen hanya suke nema ba, hanyar kanta suka zo gani.

Mu a Zariya ba mu da irin wannan mota, kuma halin tsaro bai bar wa mai hankali sha'awar kwana a gefen titi ba. Amma abin da suke biyan kuɗi su samu yana ƙofar gidanmu. Ɗalibi kan shekara huɗu yana bin titin Samaru zuwa Sabon Gari a bas, kansa sunkuye a kan waya, ya kammala karatu bai san abin da yake wucewa ba.

Wata Asabar na sa wa kaina doka: duk inda ido ya tsaya, ƙafa ma ta tsaya. Na fara da gonakin gwaji na Samaru, inda aka soma binciken aikin gona tun 1922, shekara 40 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ashe gona ce ta riga jami'a zuwa. A Palladan na tsaya ina kallon ƙananan jirage na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Daga can na sauka Kwangila, inda hanyar Kano da ta Sakkwato suka haɗu, na sha shayi tare da direbobi.

Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi. Bayan dogo ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna kusa da tasha. Daga nan ƙaramin layin dogo ya nufi Jos har zuwa 1957, wani kuma ya miƙa Ƙaura Namoda. Unguwar PZ ma sunan kamfanin cinikayya na Paterson Zochonis take ɗauke da shi. Yau tsofaffin shagunan wancan zamani suna zubewa, wasu an rushe su an kafa sababbi, ba wanda ya ce uffan.

Nan ne damuwata take. Abin da ba a kallo ba a kewarsa, abin da ba a kewarsa kuwa ba mai kare shi. Idan masu ilimi ba su san tarihin titin da suke bi kullum ba, wa zai ɗaga murya ranar da aka kawo katafila?

Don haka ina kira ga malaman tarihi da ƙungiyoyin ɗalibai su shirya irin wannan tattaki, ko sau ɗaya a zangon karatu, da littafin rubutu da kuɗin Keke Napep. A zauna da dattawan unguwa tun suna raye. Sannu ba ta hana zuwa, gaggawa ce ke hana gani.