Ranar da Aka Saurari Jinin Ɗiyata

Ɗan farina, wanda har yau bakina ba ya iya kiran sunansa, yana da shekara bakwai ranar da kofin koko ya suɓuce daga hannunsa. Da safe ne, cikin hunturun 2011. Na ɗago zan yi masa faɗa, sai na ga bakinsa ya karkace, yawu na zuba, hannun dama ya saki kamar tsumma. Tun yana goye muka san yana da sikila. Mun saba da kumburin yatsu da ciwon ƙashin da ke hana gida barci. Amma ba wanda ya taɓa gaya mana cewa sikila tana shanye ɓarin jikin yaro. Surukata ta ce shafar aljanu ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, sai a kwana na uku muka kai shi asibiti. Ya yi shekara biyu yana jan ƙafa, abin ya sake bugunsa, Allah Ya karɓi abinSa.

A 2017 ƙanwarsa, ita ma mai sikila ce, wato SS, tana da shekara shida. Mun je ranar masu sikila a Asibitin Malam Aminu Kano, sai wata nas ta ce, "Maman yarinya, yau za a duba mata jijiyoyin kai." Aka kwantar da ita, aka shafa mata wani mai sanyi mai yauƙi a gefen kai, gaban kunne, aka ɗora wani ɗan abu kamar kan tocila. Sai na'urar ta fara fitar da ƙara, shuu, shuu, kamar ana tankaɗe. Yarinyar ta yi dariya. Ni kuwa fuskar mai aunawar nake kallo, na ga ta maimaita awon har sau uku.

Likita ya zaunar da ni. Ya ce ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje, suna ƙuntata jijiya, kuma in jijiya ta ƙuntata jini yakan ƙara gudu, kamar ruwan tiyo in an matse bakinsa. In gudun ya kai 200 a ma'auninsu, yaro yana bakin haɗari, kuma na ɗiyata ya wuce. Ya ce in ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin yara goma masu SS yakan gamu da shanyewar jiki kafin ya cika shekara ashirin. Ashe abin da ya ɗauke mini ɗa ana iya jin tafiyarsa tun daga nesa. Wannan ya fi komai sa ni kuka.

A Amurka, tun 1998 bincike ya nuna cewa ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da sama da kashi 90 cikin ɗari. To ina jinin? Duk wanda ya taɓa bin dangi ɗaya-ɗaya da tsakar dare yana roƙon leda guda ya san wannan ba hanyar talaka ba ce. Shi ya sa likitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, a lokacin suke gwada ƙwayar haidiroksiyuriya, maganin da aka fara saninsa wajen masu kansar jini. Aikinsa shi ne ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Likita ya ce ɗiyata za ta iya shiga gwajin: wasu yara za a ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20, kuma daga mu har likitan ba wanda zai san wanne ya faɗo kanmu.

Da na kai wa maigida labari, ya miƙe tsaye. "Gwaji? Da ɗiyata? Kin manta gwajin maganin da aka yi a kan yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996?" Ban ga laifinsa ba. Na ce, "Malam, je ka ji da kunnenka." Ya je, aka bi masa takardar layi-layi da Hausa, aka ce duk ranar da muka ga dama za mu iya janyewa ba tare da an daina duba yarinyar ba. Ya yi kwana uku yana istihara, sannan ya sa hannu.

Daga nan duk wata muna hanya: a auna nauyi, a ɗebi jini, a ƙirga ƙwayoyin maganin da suka rage. Bayan wasu watanni gudun ya sauka.

A 2022 mujallar Lancet Haematology ta buga sakamakon. Yara 220 aka bi, kuma ba a ga bambanci tsakanin ƙaramin ma'auni da babban ba wajen kare shanyewar jiki. Ɗiyata tana cikin wannan adadi, kuma ina alfahari da haka, domin amsar da aka samo daga jinin yaranmu ce, a asibitocinmu, da maganin da za mu iya kaiwa gare shi. Yanzu ta zama budurwa, da hannunta na dama take rubutu.

Ke uwar mai sikila, in yaronki ya kai shekara biyu, kada ki jira kofi ya faɗi. Ki tambayi likita a auna masa gudun jinin kai, kuma ki riƙa komawa duk shekara.