Ranar da malaman Yahudawa suka fito gudu a Birnin Ƙudus

Duk wanda ya taɓa yawo da ƙafa a Birnin Ƙudus ya san gari ne na hawa da gangara. Yana bisa tsaunuka, kusan mita 800 sama da teku, har mai lafiya ma sai ya tsaya ya yi haki. A wannan gari ake yin gasar gudun famfalaki tun shekarar 2011, galibi a watan Maris, ranar Juma'a da sassafe. Dole a gama da wuri, domin da rana ta faɗi ranar hutun Yahudawa ta shiga, a rufe shaguna, motocin bas su daina aiki.

Na tsaya kusa da Ƙofar Jaffa, wadda Larabawa ke kira Babul Khalil, inda masu gudu ke kutsawa cikin tsohon birni, su bi ta unguwar Armeniyawa, su fita ta Ƙofar Sihiyona. Duwatsun wurin sun sha takun ƙafa har sun yi sulɓi. Ban damu da 'yan gaba masu siraran ƙafafu ba. Waɗanda suka ɗauke mini hankali su ne wasu dattawa can baya, masu furfurar gemu, da 'yar ƙaramar hula an maƙale ta da ƙarfe kada iska ta ɗauke, igiyoyin rigarsu ta ibada suna reto a gefe. Malaman addinin Yahudawa ne, waɗanda ake kira rabbi. A bayan rigar kowanne an buga sunan ƙungiyar da yake nema wa taimako.

Aikin rabbi aikin zama ne. Ya duƙufa kan littafi, ya zauna ya saurari rigimar ma'aurata, ya je ɗaurin aure da bikin kaciya, kuma ko'ina sai an cika masa faranti, ƙin ci kuwa rashin kirki ne. Ga abincin Asabar mai nauyi, nama da wake da dankali da suka kwana a kan wuta. Haka tumbi ke fitowa, hawan jini da ciwon suga su biyo baya, mutumin da kowa ke kai wa kuka shi kuma ba ya zuwa asibiti.

Abin mamaki, littattafansu sun daɗe da yin maganar. Musa bin Maimun, babban malaminsu kuma likita a Masar, wanda ya rasu a 1204, ya sa motsa jiki da rage ciki cikin dokokin kula da kai. Sani dai bai taɓa tayar da kowa daga kujera ba.

A ganina abin da ya tashe su shi ne alkawari. Malami ya faɗa wa jama'arsa zai yi gudun kilomita 10, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar, kuɗin su tafi ga ƙungiya irin Shalva, mai kula da yara masu naƙasa, wadda ke fito da tawaga babba a gasar. Mutum na iya yi wa likita ƙarya, amma da wane ido zai kalli waɗanda suka riga suka zuba kuɗi? Sai ya tashi da asuba, watanni kafin ranar, ya fara da tafiya da sauri, sannan sassarfa ta minti ɗaya ko biyu, yana ƙarawa a hankali. Ba a jima ba ya cika minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya yi. Wanda ya manyanta, ko mai ciwon zuciya, sai likita ya duba shi tukuna.

Gasar ba ta rasa ƙura ba. Hanyarta ta ratsa Gabashin Ƙudus, abin da Falasɗinawa ke adawa da shi, kuma su ma suna da tasu a Baitalami tun 2013.

Da hantsi na gangara filin shaƙatawa na Sacher, inda ake ƙarewa. Wani dattijo ya iso yana jan ƙafa, gemu ya jiƙe sharkaf, ɗalibansa na tafi suna yi masa waƙa. Ya zauna a ciyawa ya shanye gorar ruwa, ya dubi agogo, ya miƙe da ƙyar. Akwai huɗubar gobe da bai gama shiryawa ba.