Darasin da ke cikin kofin zoɓo

A daren jajibirin gwajin kimiyya, ɗalibin ƙaramar sakandare yakan duƙufa kan hadda: ma'aunin pH daga 0 zuwa 14, tsantsar ruwa a kan 7, asid a ƙasa, alkali a sama. Kafin gari ya waye rabin haddar ta zube.

Alhali madafin gidansu ya daɗe yana koyar da wannan darasi. A matsa lemon tsami cikin zoɓo, jansa ya ƙara haske, domin asid ne. A jefa kanwa, launin ya rikiɗe ya yi duhu, domin alkali ce. Dalilin ke nan da uwa ke kashe tsamin yakuwa da kanwa.

Yaron da ya ga haka da idonsa ba ya rikita lambobin a ɗakin jarrabawa.