Zuwa Ga Ummina, Kan Ranar Sunan Nan

Ummina,

Ina fata kin isa makaranta lafiya. Tun da motar Haɗeja ta tashi da ke daga Birniwa, fuskarki ta ranar sunan nan take dawo mini. Ina shigowa daga zaure na tarar tsohuwa ta riƙe hannunki tana cewa, "Kin gane ni kuwa?" Kika sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi, mata suka sa dariya. Daga baya na hango ki bayan rumbu kina share ido. Ban yi miki magana ba don kada in ƙara miki kunya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ba ki yi laifi ba, 'yata. Kan ɗan Adam yana da rumbu, yana kuma da faifai. Rumbu yana ajiye abin shekara da shekaru. Faifai kuwa shi ne inda ake ɗora abin da ake aiki da shi a yanzu, kuma ɗan ƙarami ne. A 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya ce abu bakwai ne yake ɗauka a lokaci guda, ko ya ɗan haura ko ya ɗan gaza. A 2001 Nelson Cowan ya sake dubawa, ya ce huɗu ya fi kusa da gaskiya. Ke kuwa tsakanin hantsi da la'asar aka zuba miki sababbin fuskoki cike da tsakar gida, kowace da sunanta.

Sunan ma mai sauƙi ne, sanin me ya haɗa wa da wa shi ne nauyin. Tunda kina son lissafi, gwada wannan a takarda: mutum goma, idan kika haɗa su bibbiyu, alaƙa 45 ce za ta fito. Mutum ashirin, 190.

To yaya aka yi Goggo, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, take riƙe da danginmu kaf, daga Birniwa har Nguru da Malam Madori? Kin ga yadda ake yi da gero bayan girbi. Ba mai ɗaukar zangarniya ɗai-ɗai zuwa gida, dami ake ɗaurewa. Haka Goggo take yi da mutane. Da ta ga baƙon yaro, kafin ta tambayi sunansa sai ta ce, "Ɗan wane ne? Daga wane ɗaki?" Kakanki mata uku ya yi, saboda haka duk taron nan da ya ruɗa ki, a wurinta dami uku ne kawai, sai na huɗu, surukai. Huɗu kuwa faifai yana ɗauka.

A 2013 wani malami a Jami'ar Cornell, Matthew Brashears, ya gwada wannan. Ya ba mutane labarin alaƙar wasu da ba su sani ba, ya ce su riƙe. Sun fi tunawa idan an sa kalmomin dangi, kuma idan mutum uku duk sun san juna. Da na karanta, Goggo ce ta faɗo mini a rai. Dubi aikin da kalma ɗaya take yi a bakinmu. Da an ce kawu, kin san ta wajen mahaifiyarki yake. Da an ce baffa, ta wajena. Da an ce taubashi, kin san ɗan goggo ne ko ɗan kawu, kin kuma san wasa ya halatta tsakaninku, ba sai an yi miki bayani ba.

Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga yara suna kiran kowa anti da ankul. Kalmomin nan biyu kwance damin suke yi, su bar yaro da tarin sunaye a waya, bai san wa ya haifi wa ba. A nan ni ne mai laifi: na raine ki a Kano, ban taɓa zaunar da ke na zana miki ɗakunan gidanmu ba.

Tsohuwar da ta riƙe hannunki ƙanwa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ga kakarki wadda kika ci sunanta. Ita ta yi miki wankan farko. Da yamma ta ce mini tafin hannunki irin na yayarta ne sak, shi ya sa ta kasa saki.

Idan Allah ya kai mu hutun Sallah, za mu kwana biyu a Birniwa. Ranar farko ɗakin uwargida kawai za mu yi, mu zauna gaban Goggo ki riƙa tambaya tana zana miki a ƙasa. Ki taho da ɗan littafi. Tsohuwar nan kuma ki riƙo mata goro, fari take so.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba