Kafin a ƙara kilim, a fara duba taga

Yau zancen gini za mu yi, kuma zancen zai kai mu har birnin New York na Amurka. Ku yi haƙuri ku biyo mu, don maganar ta shafi aljihunmu.

A can akwai wani dogon bene da ake kira Empire State, mai hawa 102, wanda aka gama ginawa a 1931. Ya yi kusan shekara 40 babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya, kuma cike yake da ofisoshi. Da tsufa ya zo masa sai ya zama mai cin wuta ba kaɗan ba. Lokacin sanyi ɗumin ciki na zurarewa waje, lokacin zafi kuma rana na dafa ma'aikata. A 2009 masu ginin, bisa jagorancin Anthony Malkin, suka sanar da shirin gyara shi.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne tagogi. Ginin na da taga 6,514, kowace da gilashi biyu. In wani ne sai ya ce a ciccire su a zubar, a yi odar sabbi. Su kuwa sai suka buɗe wurin aiki a cikin benen kansa. Da dare, bayan ma'aikata sun tashi, a cire taga, a raba gilasan, a wanke, a shimfiɗa wata siririyar leda mai maido da zafi a tsakaninsu, a ɗura wata iskar gas da zafi ba ya ratsa ta da sauƙi, a liƙe, a maida. Kusan kashi 96 cikin 100 na tsohon gilashin shi aka sake amfani da shi, kuma ƙarfin tagar na tare zafi ya ninka fiye da sau biyu.

To ga inda dabarar take. Da zafin da ke shigowa ya ragu, sai aka ga ba a bukatar sayen sabbin manyan injunan sanyaya ginin. Tsofaffin aka gyara, kuɗin da aka tsira da su suka biya wani ɓangare na aikin. Da aka haɗa da sauran gyare-gyare, irin su fitilu da na'urorin da ke lura da iskar ofisoshi, lissafin da aka yi shi ne rage cin makamashi da kashi 38 cikin 100, wato dalar Amurka miliyan 4.4 duk shekara. A kuɗinmu ya haura miliyar 2 na sefa.

Wani zai ce, ina ruwan Maraɗi da benen Amurka? Ruwanmu rana ce. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Damagaram da Maraɗi. Amma ku duba yadda ake gyaran tsofaffin benaye a garuruwanmu yanzu: a fasa bango, a lulluɓe fuskar ginin da gilashi mai shuɗi ko baƙi, don ya yi kama da na Dubai. Gilashin nan falle ɗaya ne, launinsa rage haske kawai yake yi, shi kansa yana ɗaukar zafi yana turawa ciki. Sai a rataya kilim a kowane ɗaki. In kuran ya ɗauke da ƙarfe biyu na rana, wallahi ofis ya koma tanda, mai neman takarda sai dai a ce masa ya dawo gobe.

Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a sa'annan ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi. Duk wutar da kilim ɗin wani ofis ya sha a banza, wutar firjin mai sayar da ƙanƙara ce da keken mai ɗinki. In ginin gwamnati ne kuma, takardar kuɗin wutar daga harajinmu ake biyan ta.

Sai dai kar a kwaso tsarin New York a dire mana yadda yake. Su rabin damuwarsu sanyi ne, mu kuwa kusan dukanta rana ce. Gilashin da ya dace da mu shi ne mai bari haske ya shigo ya tare zafin rana. Daga waje ake kawo shi, yana da tsada, kuma in liƙinsa ya buɗe, ƙurar hunturu ta shiga tsakani, an yi asara. Don haka a fara da mai arha: rumfa ko baranda a kan taga, musamman ta gabas da ta yamma, toshe kafofin da iska mai zafi ke bi, farin fenti a rufi. Daga nan a zo kan gilashi, kilim kuma a ƙarshe, daidai da zafin da ya rage. Gidajen ƙasa na Birnin Damagaram, masu kaurin bango da ƙananan tagogi, a kan wannan lissafi aka gina su tun kaka da kakanni.

Kiranmu ga masu benaye da masu ba da kwangila: kafin ku sa hannu, ku tambayi mai zanen ginin nawa za a riƙa biya na wuta kowane wata bayan gyara, ya rubuta muku a takarda. Matasanmu masu aikin alminiyam da gilashi kuma a koya musu haɗa taga mai gilashi biyu, don aikin ya tsaya a hannun 'yan gida. Allah ya kai mu damina lafiya.