Yadda Muka Ɗinka Kayan Zamanin Tururi da Tsofaffin Tufafi

A ƙarshen zango na biyu Malamarmu ta Turanci ta sanar da mu 'yan Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo cewa mu ne za mu nishaɗantar da baƙi a ranar raba kyaututtuka. An ciro wasan daga littafin Jules Verne, marubuci ɗan ƙasar Faransa, wanda ya fito a 1873. Labarin wani Bature ne mai suna Phileas Fogg da ya yi caca da abokansa a Landan a kan zai zaga duniya cikin kwana 80 ta jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Muka yi ta murna, har sai da muka tambayi kuɗin kayan sawa. Malama ta ce babu ko anini a asusun ƙungiya, kowa ya je gida hutu ya dawo da nasa.

Kafin mu tafi ta nuna mana hotunan wani salon ado da Turawa ke kira sitimfank, mu kuwa muka raɗa masa suna kayan zamanin tururi. Wani marubucin Amurka, K. W. Jeter, shi ya ƙirƙiro sunan a 1987 domin labaran da ake ginawa a kan zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin da tururi ke juya injuna. Masu son salon sukan sa kwat da falmaran da doguwar hula, su yi musu ado da tagulla da fata da kayan cikin agogo. Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne jin cewa da yawa daga cikinsu da tsofaffin kaya suke haɗawa a gida.

Mu shida da muke unguwa ɗaya muka mai da zauren gidan su shugaban ƙungiya shagon tela, muka aro keken ɗinkin mahaifiyarsa. Falmaran ce ta fi sauƙi: a samu kwat ta gwanjo, a warware hannuwan, a kalmashe bakin a ɗinke. Fararen rigunan makaranta da suka yi mana kaɗan muka jiƙa su cikin ruwan ganyen shayi mai zafi har suka yi launin ƙasa kamar sun shekara hamsin a akwati. A nan muka gane cewa auduga ce ke kama rini, domin riguna biyu masu roba sun fito fes kamar yadda suka shiga. Hular kuwa da kwali muka naɗa ta, muka lulluɓe da ƙyallen tsohon baƙin wando. Tabarau muka yi da ƙananan gwangwanayen tumatir biyu da tsohon bel, bayan mun daddale bakinsu don kada su yanki mutum. 'Yan mata suka ɗinka dogayen siket da labulen da aka daina amfani da shi. Wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa ya ba mu matattun agogo kyauta, muka ciro 'yan ƙarafan nan masu haƙora. Da farko da gam muka manna su, washegari duk suka zube, dole muka koma ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da allura.

Ana cikin haka wata 'yar ajinmu ta zo da wata kwat mai kauri da maɓallan ƙarfe, ta ce a ƙasan akwatin kakarta ta samo. Duk cikin kayanmu babu kamarta. Har mun zana inda za mu yanka da alli, almakashi na hannu, sai ga tsohuwar ta shigo da sandarta. Muka gaishe ta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Jikokina, kun san mai rigar nan?" Muka ce, "A'a, Kaka."

Ta zauna ta ba mu labarin marigayi mijinta, wanda ya yi aiki a jirgin ƙasa yana zuba kwal a wutar inji. Ta ce yakan dawo gida baƙi ƙirin, idanunsa jajur, hannuwansa duk tabon ƙuna, kuma da wannan aikin ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Mun karanta a aji cewa layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga Inugu ake haƙo kwal, amma ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa zamanin da muke wasa da shi gumin kakanninmu ba ne. Kunya ta kama mu ƙwarai, muka goge allin.

Kaka ta yarda ta ara mana rigar bisa sharaɗin kada almakashi ya taɓa ta. Muka rage tsawon hannuwan da ɗinkin wucin gadi, muka kuma roƙi Malama ta ƙara wa wasan mutum ɗaya, wato mai zuba kwal. A ranar wasa, da ya fito da shebur a kafaɗa, tafin da aka yi masa ya fi na Phileas Fogg. Kaka tana layin gaba. Bayan an tashi muka warware ɗinkin, muka ninke rigar muka mayar mata.

Ga ƙannenmu da za su gaje mu a ƙungiya, shawararmu ita ce kada rashin kuɗi ya hana ku wasa, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ku duba akwatunan gida, ku koyi riƙe allura, maza da mata. Amma kafin ku sa almakashi a jikin tsohuwar riga, ku tambayi mai ita da labarinta.