Wa Ya Ce Mu Yi Kurum?



Mu 'yan matan da muka tashi tsakanin Sabon Birni da Isa, akwai maganar da muka haddace tun kafin a kai mu makarantar allo: "Ke ɗiya, yi kurum!" In yarinya ta yi tambaya gaban manya, a ce ba ta da kunya. In ta girma ta faɗi ra'ayinta a taro, a ce idonta ya buɗe, wa zai aure ta? In ta yi rubutu a Facebook, kafin magariba an kai wa yayanta ƙara. Shi ya sa da yawanmu a wannan zaure muke ɓuya bayan sunan aro da hoton fure.

Kullum ana ce mana al'ada ce. To, al'adar wa?

Kufan Alƙalawa yana nan kusa da mu. Kafin birnin ya faɗi a 1808, a fadar Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta, wadda ke shugabantar mata, sarki kuma ba ya raina shawararta. In an ce wannan zamanin bori ne, sai mu duba ɗaya ɓangaren. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajijai da malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Gobirawa da masu jihadi sun yaƙi juna, amma kowane ɓangare ya bar wa mace wurin magana.

Yau kuwa shirun nan yana ci mana rai. Tun daga motar da aka ƙone da matafiya a yankin Sabon Birni a Disambar 2021, har zuwa kisan Sarkin Gobir na Gatawa a 2024, wa ke goye da marayu? Wa ke tsallakawa ƙasar Maraɗi da tukunya a kai? Mun taɓa zama a wani taron raba tallafi, mata a baya kan tabarma. Wata gwaggo da aka kashe wa miji ta ɗaga hannu, sai aka ce mata ai maza sun faɗi komai. Abin da ta so faɗi shi ne hanyar rijiya ce ake tare 'yan mata. Babu namijin da ya ambata, don ba su ke ɗebo ruwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma a ranar kurum muka yi, har yau abin yana damunmu.

Saboda haka mu duba alƙalumanmu. Sau nawa muka rubuta jarumar da ba ta iya komai sai kuka da sunkuyar da kai, muka kira ta mai tarbiyya, mai magana kuwa muka mai da ita muguwar kishiya? Kunya ado ce, ba mu musa ba, amma faɗin gaskiya cikin ladabi ba fitsara ba ne. A labarinku na gaba, ku bar wa irin gwaggon nan dama ta ƙarasa maganarta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Muna jiran gyararrakinku.